Anini Bayan Tuɓe Kaki: Wane Laƙabi Ke Bin Mutum Gida, Wane Ke Zama a Ofis?

Ranar da hafsan soja ya tuɓe kaki, abu biyu ke rabuwa bayan sun yi shekara da shekaru suna tafe tare: muƙami da iko. Ikon ba da umarni yana tsayawa a bariki, wanda ya gaje shi ya ɗauka. Muƙamin kuwa, a yawancin ƙasashe, yana bin mutum har gida, amma da sharaɗi. Kusan duk rigimar da ake yi kan "Janar Wane" ko "Dakta Wance" bayan ritaya daga nan take tasowa: mai sunan ya riƙe laƙabinsa, mai sauraro kuma ya ɗauka har da ikon. Shi ya sa ban cika damuwa da tambayar ko mutum yana da izinin sa laƙabi a gaban sunansa ba. Tambayar da ta fi ta nauyi ita ce, wanda ya karanta wannan suna, me zai zaci mai shi na iya yi a yau?

Laƙaban nan ba tushensu ɗaya ba, kuma tushen ne ke faɗin tsawon ransu. Wani na karatu ne, kamar digirin digirgir. Wani ƙasa ce ta liƙa wa mutum a kafaɗa, kamar Manjo ko Kanar. Wani na lasisi ne, yana raye muddin rajista na raye. Wani kuma na kujera ne tsantsa, kamar Gwamna, Kwamanda ko Shugaban Jami'a, ana tashi daga kujerar ya koma kan wanda ya zauna. Na soja ne ya fi ƙa'idoji, don haka a kansa zan fi daɗewa.

Ba duk wanda ya bar soja ne "mai ritaya" ba. Wannan shi ne kuskuren farko, kuma masu shirya taro da 'yan jarida sun fi tsofaffin sojan kansu yin sa. Ritaya matsayi ne na doka. A Amurka, a ƙa'ida sai mutum ya cika shekara 20 yana aiki, ko an yi masa ritaya saboda rauni ko rashin lafiya, kafin sunansa ya shiga jerin masu ritaya. Wanda ya yi shekara shida ya ajiye aiki yana Kyaftin, tsohon soja ne mai mutunci, yana iya rubutawa a takardar tarihin aikinsa cewa ya kai Kyaftin, amma ba zai buga kati da "Kyaftin Wane mai ritaya" ba. Dalilin bambancin a fili yake. Mai ritaya bai gama rabuwa da rundunar ba: yana karɓar fansho a kan muƙamin, ana iya kiransa ya dawo aiki idan bukata ta taso, kuma a Amurka hafsan dindindin mai karɓar kuɗin ritaya yana nan ƙarƙashin dokar soja, kotun soja na iya gurfanar da shi. Ke nan muƙamin da ya rage masa yana tafe da igiya a ƙafa. Faransa ta fi kowa fito da wannan fili: janar-janar ɗinta idan sun bar aiki suna komawa wani rukuni na biyu inda suke zaune a gida amma minista na iya kiransu, kuma ana sa ran su kame bakinsu. A 2016 an cire Janar Christian Piquemal daga wannan jeri, aka hana shi sa kaki, bayan ya shiga wata zanga-zangar da hukuma ta haramta a garin Calais.

Wanda aka kora kuwa, ko kotun soja ta tuɓe shi, muƙamin ya tafi gaba ɗaya. Ƙasar da ta bayar tana iya karɓewa, tana kuma iya mayarwa. Gwamnatin Najeriya ta tuɓe wa Yakubu Gowon muƙaminsa na Janar a 1976 bayan yunƙurin juyin mulkin Dimka. Shehu Shagari ya yi masa afuwa a 1981, amma muƙamin bai dawo ba sai 1987, zamanin Ibrahim Babangida. A tsakanin nan ya yi digirin digirgir a Jami'ar Warwick ta Ingila. Rayuwar mutum ɗaya ta nuna bambancin laƙabai biyun: na kafaɗa yana hannun gwamnati, na karatu yana hannun jami'a.

Sai batun wane muƙami ne za a riƙe. Amsar ba wanda mutum ya sa a ranarsa ta ƙarshe a ofis ba ce, wanda ke rubuce a takardar ritayarsa ne. Sau da yawa suna zama ɗaya, amma ba kullum ba. Akwai muƙamin riƙo, wanda ake ba hafsa don ya riƙe wata kujera na ɗan lokaci. Idan bai tabbata ba kafin ya fita, da na ƙasa zai tafi, sai dai idan hukuma ta rubuta masa izini. A Amurka, Manjo da na sama da shi da ke son yin ritaya da kansa sai ya yi shekara 3 a kan muƙamin, ko a yi masa rangwame a rubuce, in ba haka ba a mayar da shi mataki ɗaya baya. Akwai kuma sharaɗin cewa ya riƙe muƙamin yadda ya kamata. William Ward, kwamandan farko na rundunar Amurka mai kula da Afirka, ya sa tauraro huɗu, amma a 2012 aka yanke cewa zai yi ritaya da uku bayan binciken yadda ya kashe kuɗin tafiye-tafiye. Duk wanda ya rubuta masa "Janar" a takarda ta hukuma ya yi kuskure, Laftanar Janar ne.

A Birtaniya al'ada ta ƙara wani shinge. Abin da aka saba shi ne daga Manjo zuwa sama a sojan ƙasa, da takwarorinsa a ruwa da sama, su ne ke riƙe muƙami a zaman farar hula. Kyaftin na sojan ƙasa ba a cika jin sa da laƙabin ba, ban da tsofaffin hafsoshin rundunar dawaki da suka ci gaba da harkar doki, irin su Kyaftin Mark Phillips. A Amurka babu wannan shinge, Saje ko Samanja da ya cika shekarunsa yana da hakkin a rubuta masa muƙaminsa da "mai ritaya". Ni a nan ina tare da Amurkawa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana horar da kurata, igiyarsa ba ta fi aninin hafsa arha ba.

Yadda ake rubutawa yana da tsari, kuma kowane ɓangare da aikinsa. A fara da cikakken muƙami, sai suna, sai reshen runduna idan akwai yiwuwar ruɗani, sai alamar ritaya. Misali: Laftanar Kanar Wane Wane, sojan ƙasa, mai ritaya. A takardun Turanci ana taƙaita alamar da Rtd ko Retd ko Ret, Jamusawa kuma suna sa a.D. Rundunar sojan Indiya ta fitar da umarni a 2014 cewa alamar ta zo bayan suna, ba bayan muƙami ba, bisa hujjar cewa hafsan ne ya yi ritaya, muƙamin yana nan. Wasu ƙasashen sun saba sa ta dab da muƙamin. Ko wanne aka bi, abin da ba a yarda da shi ba shi ne a bar ta gaba ɗaya a rubutun da zai je hannun baƙo.

Akwai kurakurai biyu da suke yawan faruwa a nan. Na farko yanke "Laftanar". A baki, ladabi ya halatta a kira Laftanar Kanar da "Kanar", a kira Birgediya Janar ko Manjo Janar da "Janar". A rubuce kuwa, yanke kalmar ƙarin girma ne da babu wanda ya sa masa hannu. Muhammadu Buhari Manjo Janar ne, Theophilus Danjuma Laftanar Janar, Abdulsalami Abubakar cikakken Janar: tauraro biyu, uku, huɗu. Wasu ma suna zaton Manjo Janar ya fi Laftanar Janar tunda Manjo ya fi Laftanar, alhali akasin haka ne. Kuskure na biyu shi ne "Kyaftin". Kyaftin na sojan ruwa daidai yake da Kanar na ƙasa, haka ma Guruf Kyaftin na sojan sama. Kyaftin na sojan ƙasa yana ƙasa da su da mataki uku. Idan ba a rubuta reshe ba, mai shirya wurin zama a taro zai iya ajiye babban hafsan ruwa a bayan Manjo, ko ya ɗaga ƙaramin hafsa sama da inda yake.

Muƙami na mai shi ne shi kaɗai, ba ya tsallakawa kan mata ko miji ko ɗa. Haka kuma sunan kujera ba ya bin muƙami gida. Mutum yana nan Manjo Janar mai ritaya, amma Babban Kwamandan Runduna ta Kaza wani ne yanzu, shi sai dai a ce "tsohon".

Inda abin ya fi lalacewa shi ne inda kuɗi ya shigo. A ɗaurin aure, taron tsofaffin sojoji, bikin tunawa da 'yan mazan jiya, bangon littafin da mutum ya rubuta, ko hira da gidan rediyo kan tsaro, muƙamin yana ba da labari na gaskiya: wannan ya san abin da yake faɗa, ga inda ya koya. Amma a ce kamfanin kayan tsaro ya aika wasiƙar neman kwangila zuwa ma'aikatar tsaro, a ƙasa an sa hannu "Manjo Janar Wane" ba tare da alamar ritaya ba. Kyaftin ɗin da wasiƙar za ta faɗo teburinsa an horar da shi tun yana kurtu ya miƙe idan ya ga tauraro. Ba a ba shi umarni ba, amma jikinsa zai karanta ta kamar umarni. Wannan shi ne ainihin abin da ƙa'idojin ke ƙoƙarin hanawa. Ma'aikatar tsaron Amurka ta yarda mai ritaya ya yi amfani da muƙaminsa a harkar kasuwanci bisa sharaɗin ya bayyana cewa mai ritaya ne, kada amfanin ya zubar da mutuncin rundunar, kuma kada ya sa a zaci rundunar ce ta amince da kamfanin ko hajarsa. Sharaɗi na ukun ne ya fi wuyar kiyayewa, don talla ba ta neman tsohon janar sai don a yi wannan zaton. Shawarata ga mai kamfani ita ce, a wasiƙar kasuwanci ya sa hannu da sunansa da matsayinsa a kamfanin, Darakta ko Shugaba, ya bar tarihin soja a shafin da ke ba da tarihin shugabannin kamfanin. Tambarin runduna da takarda mai hatiminta kuwa ba sa fita bariki ko da wane dalili.

Haka yake ga wanda ya ɗauki aikin gwamnati na farar hula bayan ritaya. Idan Kanar mai ritaya ya zama ƙaramin jami'i a ma'aikata, shugabansa kuma farar hula ne ko Manjo mai aiki, sa "Kanar" a ƙasan imel ɗin ofis yana rikita jerin umarni. A wannan ofis da sunan aikin da ake biyansa albashi a kai ya kamata a san shi. Wanda kuma wata gwamnatin waje ta yi wa tayin aiki ya duba dokar ƙasarsa tukuna. Mai ritayar sojan Amurka sai ya sami amincewar reshen rundunarsa da ma'aikatar harkokin waje, in ya tsallake ana iya riƙe masa kuɗin ritaya.

Siyasa ta fi kasuwanci tsauri, don runduna ta kowa ce, jam'iyya kuwa ta wasu. Umarnin ma'aikatar tsaron Amurka na 2008 ya ba ɗan takara mai ritaya damar ambaton muƙaminsa a takardun kamfe, amma dole ya nuna cewa mai ritaya ne, ya rubuta cewa rundunar ba ta goyon bayan takararsa, kuma hotonsa cikin kaki ba zai zama babban hoton fosta ba. Manyan da suka fahimci nauyin abin sun wuce abin da doka ta nema. Dwight Eisenhower ya ajiye muƙaminsa na tauraro biyar a 1952 don ya yi takarar shugaban ƙasa, ya yi mulkin shekara takwas yana farar hula, sai a 1961 majalisa ta mayar masa da shi, John Kennedy ya sa hannu. A watan Mayun 2015 ofishin Buhari ya sanar cewa daga ranar rantsuwa a daina sa masa "Janar" a gaban suna. David Mark, wanda ya bar soja yana Birgediya Janar, da "Sanata" aka san shi a shekarun da ya shugabanci majalisar dattawa, daga 2007 zuwa 2015. Wanda ƙuri'a ta ɗora a kujera, daga ƙuri'ar ikonsa ya fito, laƙabin da zai sa ya nuna hakan.

Kaki ya fi laƙabi haɗari, don ido ba ya karanta "mai ritaya" a jikin riga. Inda aka yarda mai ritaya ya sa, lokutan ƙididdigaggu ne: jana'izar soja, bikin tunawa, faretin ranar ƙasa, wasu bukukuwan hukuma, kuma da alamar muƙamin da ya yi ritaya da shi kawai. Ba a sa shi a gangamin siyasa, zanga-zanga, wurin aikin kamfani ko talla. Birtaniya tana da dokar hana sa kakin soja ba izini tun 1894, dokar laifuka ta Najeriya ma ta haramta. Lambobin yabo da mutum ya samu nasa ne, yana iya liƙa su a kayan farar hula a ranar da ta dace. Ƙirƙiro wanda bai samu ba shi ne laifi. Amurka ta yi doka a 2006 da ta hukunta ƙaryar samun lamba, Kotun Ƙoli ta soke ta a 2012 saboda 'yancin magana, sai aka yi sabuwa a 2013 wadda ta taƙaita laifin ga wanda ya yi ƙaryar don samun kuɗi, dukiya ko wata riba. Ko a nan, abin da aka yi da laƙabin ne doka ta kama.

Rukuni ɗaya ne ba a rubuta wa "mai ritaya": masu muƙamin ƙoli. Fil Mashal a Birtaniya da Indiya, irin su Sam Manekshaw da aka ba shi a 1973, da masu tauraro biyar na Amurka, wanda na ƙarshensu Omar Bradley ya rasu a 1981, ana lissafa su cikin masu aiki har mutuwa. A ɗaya gefen kuma akwai muƙamin girmamawa. Harland Sanders, wanda ya kafa kamfanin soyayyen kaza na KFC, bai taɓa zama hafsan soja ba, gwamnan jihar Kentucky ne ya ba shi "Kanar" na karramawa a 1935. Irin wannan ba a haɗa shi da alamar ritaya ko sunan runduna.

A fannin likitanci abu biyu ne ke ɓoye cikin kalmar "Dakta": karatun, da izinin taɓa majiyyaci. Karatun ba ya tsufa, don haka kiran tsohon likita da Dakta daidai ne har ƙarshen ransa. Izinin kuwa lasisi ne da ake sabuntawa. A Birtaniya tun 2009 an raba rajista da lasisin aiki, kuma tun 2012 mai lasisi sai an sake tantance shi, yawanci duk shekara biyar. Likita mai ritaya zai iya barin sunansa a rajista ya ajiye lasisin, amma daga ranar ba shi rubuta magani, ba shi sa hannu a takardar shaidar mutuwa. Matsalar ba ta zuwa daga asibiti, daga dangi da abokai take zuwa: a rubuta mana wannan maganin, a sa mana hannu a takardar hutun rashin lafiya. Sa hannun nan aikin likita ne, kuma idan abu ya ɓaci babu inshorar da za ta tsaya masa. Akwai kuma tsufan ilimi. Ka'idojin magani suna canzawa, adadin da ya dace shekara goma baya yana iya zama an rage shi ko an janye maganin. Taimakon gaggawa ga wanda ya faɗi a gabansa daban ne, wannan ba a hana kowa. Wanda ke ba da shawarar lafiya a intanet ya rubuta "likita mai ritaya" a bayanin kansa, don mai karatu ya san ya je ga wanda ke duba marasa lafiya a yau.

Digirin digirgir na mai shi ne, ritaya ba ta taɓa shi. Jami'ar da ta bayar ce kaɗai ke iya janyewa, kamar yadda Jami'ar Bayreuth ta yi wa ministan tsaron Jamus Karl-Theodor zu Guttenberg a 2011 kan satar rubutu. Na girmamawa ba karatu ba ne, wurinsa bayan suna tare da bayanin cewa na girmamawa ne. "Farfesa" kuwa asalinsa matsayin aiki ne a jami'a. A baki kusan ko'ina ana ci gaba da kiran mutum Farfesa bayan ritaya, kuma ban ga aibun haka ba. Abin da ba ya halatta shi ne rubuta "Farfesa a Jami'ar Kaza" a kan muƙala, neman tallafin bincike ko takardar shaidar ɗalibi bayan an bar jami'ar. "Emeritus", wato laƙabin girmamawa da ake ba farfesa mai ritaya, ba ya zuwa da kansa don shekaru sun cika, majalisar jami'a ce ke zama ta bayar, ta rubuta wasiƙa. Wanda ba shi da wasiƙar ya tsaya a "mai ritaya".

Alƙalai ne ƙa'ida ta fi matsa wa, kuma da hujja. A zaman jama'a ana kiran tsohon alƙali Mai Shari'a, girmamawa ce da ta dace. Amma idan ya koma aikin lauya, laƙabin ya zama makami a kan abokin shari'a: mai ƙara zai zaci ya sayi wanda kotu ke jin nauyinsa. Ƙungiyar lauyoyin Amurka ta ba da fatawa a 1995 cewa tsohon alƙali da ya koma aikin lauya kada ya sa "Alƙali" a takardun ofishinsa, katinsa ko cikin kotu. Wasu ƙasashen sun rufe ƙofar ɗungurungum. Sashe na 292 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya hana wanda ya riƙe kujerar alƙalin babbar kotu bayyana a matsayin lauya gaban kowace kotu a ƙasar, Indiya ma ta yi wa alƙalan Kotun Ƙolinta haka a sashe na 124.

Injiniya, mai zanen gini da akanta, nasu na rajista ne. A Najeriya hukumar kula da aikin injiniya, wato COREN, ce ke riƙe da rajistar injiniyoyi. A Birtaniya dokar 1997 ta hana wanda ba ya cikin rajista kiran kansa akitek, wato mai zanen gini, a harkar sana'a. Jihohin Amurka da dama suna da matsayin "mai ritaya" a rajistar injiniyoyi da akantoci, mutum ya riƙe laƙabin da alamar, amma ba ya sa hatimi. Hatimin ne wurin haɗari. Zanen da aka buga wa hatimin wanda rajistarsa ta mutu hukuma na iya ƙin karɓarsa, idan kuma ginin ya tsage, alhakin na iya faɗawa kan mai hatimin. Ranar da aka daina sabunta rajista, a kulle hatimin ko a lalata shi, kada a bar shi a tsohon ofis inda yaran gida za su ci gaba da bugawa. Matuƙin jirgin sama shi ma haka: ƙa'idar duniya ta tsayar da shi a shekara 65 ga jigilar fasinja tsakanin ƙasashe, ana ci gaba da ce masa Kyaftin don girmamawa, amma yana da kyau a ƙara "matuƙin jirgi" don kada a ɗauke shi soja.

Game da kujerun mulki akwai wata tsohuwar ƙa'idar ladabi da nake ganin ta fi kowace sauƙin aiki. Muƙamin da mutane da yawa ke riƙewa lokaci guda, kamar Sanata, Jakada ko Janar, ana iya ci gaba da kiran mutum da shi, don bai ƙwace wa kowa komai ba. Wanda mutum ɗaya kaɗai ke riƙewa, kamar Shugaban Ƙasa, Gwamnan jiha ko jakadan ƙasa kaza a ƙasa kaza, sai da "tsohon". Cocin Katolika ma haka take yi: bishop yana miƙa takardar murabus a shekara 75 ya koma Emeritus, kuma Benedict na 16 da ya sauka a 2013 da wannan alamar aka bambanta shi da wanda ya gaje shi. "Mai Girma" da makamantansu wasu ne ke faɗa wa mutum, ba ya rubuta wa kansa.

Wanda ya tara laƙabi biyu ko uku ya zaɓi wanda ya dace da wurin. Likitan soja mai ritaya da zai yi magana a taron likitoci Dakta ne, a taron tsofaffin sojoji Kanar ne. Jera su duka a gaban suna ba ya ƙara wa mai karatu sani, yana hana shi gane da wace hula mutum ke magana. Sauran su koma bayan suna ko cikin tarihin mai jawabi. Fasfo, asusun banki da takardar fili kuwa sunan yanka suke so yadda yake a katin shaida. Idan aka cusa muƙami a gurbin suna a wata takarda aka bar shi a wata, kwamfuta za ta ga mutum biyu, biyan fansho ko canja kuɗi ya tsaya sai an gyara.

Kafin a kai kati ko allon ƙofa wurin bugawa, a ɗauko takardar ritaya a kwafi muƙamin harafi da harafi, a duba ko ritaya ta ce ko sallama ko ajiye aiki. A nemi sashen ƙa'idar aiki da ya yi magana kan muƙami da kaki, don ana sabunta shi, abin da abokin aiki ya tuna daga shekarunsa ba hujja ba ne. Mai lasisi ya rubuta wa hukumar sana'arsa ya tambayi matsayin da za ta sa shi, ya ajiye amsar. Sai a bi shafukan Facebook da LinkedIn da ƙasan imel a gyara, don nan ne tsohon matsayi ke kwana shekaru ba a lura ba. Mai shirya taro ya tambayi baƙon kai tsaye yadda yake so a rubuta shi, sannan ya tabbatar daga rajistar hukumar sana'a, wadda da yawa a buɗe take ga kowa a intanet.

Iyali ma su san inda takardar take. Idan rasuwa ta zo, daga cikinta za a ɗauki muƙamin da za a sa a sanarwa, da lambar aikin da hukumar fansho za ta nema kafin ta buɗe fayil ɗin magada. A bar "mai ritaya" a sanarwar, don tana bambanta wanda ya rasu a gida bayan ya gama aiki da wanda ya rasu yana bakin aiki, kuma hakkokin da magada za su nema a hali biyun ba ɗaya ba ne.